Zazzaɓin Ranar Neman Aurena

Ku gafarce ni, 'yan uwa, na san na yi muku shiru. Masu turo min saƙo suna cewa "Araceli, ya aka ƙare da neman auren?" duk na gani, hannuna ne kawai ya ƙi rubutu. Yau dai zan amayar da komai. Wadda za ta zage ni ta daure ta kai ƙarshe tukuna.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Araceli, a gida Cheli ake ce min. Shekarata ashirin da bakwai. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi a nan Sunnyside, in yi musu wanka, in ba su abinci a baki, in juya wanda ba ya iya juyawa. Daga ni sai mahaifiyata, Amá, muka rage a gida tun da korona ta ɗauke Apá, wato babana, bara da bazara. A rumbun tuffa ya kwaso ta. Ta waya muka yi bankwana, wata nas ta kara masa wayar a kunne, shi ga robobi a baki, mu muna kicin muna ta ƙwala masa kira. Har yau ban tabbata ya ji mu ba.

A lokacin nan babu mai kusantar gidanmu. Maƙwabta su ajiye kwanon abinci a bakin shinge su juya da sauri. Mutum ɗaya ne ya riƙa zuwa, Ubaldo Zepeda, direban babbar mota mai kai tuffa da 'ya'yan itacen ceri Seattle da Portland. Ya zo da takunkumi a fuska ya yanke mana ciyawa, ya gyara famfon kicin da Apá ya bari rabi, sannan ya zauna a kan bokiti ƙarƙashin tagata yana min hira ta bayan gilashi har in daina kuka. To ku gaya min, wace zuciya ce ba za ta faɗa ba? Ina sonsa. Na faɗa tun yanzu don kada wata ta ce tura ni aka yi.

Matsalar ita ce mahaifiyarsa, Doña Herminia, wato uwargida Herminia. Ita ke jan mata addu'ar carbi a cocinmu, ita ke sayar da ganyayyakin magani a garejinta, ita ce kuma ta buɗe guruf ɗin matan coci a waya, inda kullum da asuba sai ta turo muryar wani likita da ba wanda ya san fuskarsa. 'Ya'ya mata uku ta haifa kafin Ubaldo ya zo, don haka ko tari ya yi sai ta kunna kyandir.

Watan Janairu ta kira ni cin abinci. Ina cikin naɗe tortiya, fallen burodin masararmu, ta aje cokali ta dube ni.

"Na ji an ce za a fara tsira muku allurar rigakafin nan a wajen aiki."

"Eh, Doña. Amma ba dole ba ne."

"Madalla da ba dole ba ne. Kin san jikar ƙawata da ke Fresno? Tun da aka yi mata, al'adarta ta ɗauke ɗif. Busar da mahaifa take yi, mija, 'yata. Ni kuwa ɗa namiji ɗaya gare ni. Ba zan mutu ban ga mai sunan Zepeda yana rarrafe a tsakar falon nan ba."

Na dubi Ubaldo. Bakinsa cike da wake, ya ɗaga min gira.

"Ki yi mata alkawari mana, raina, hankalinta ya kwanta."

Ba alkawari take so ba. Hannuna ta ja har gaban siffar Budurwa Maryamu da ke kan firij, ta ɗora tafina a ƙafar siffar. Na rantse ba zan yi ba. A raina na ce mene ne a ciki, ni da nake da ƙuruciya da ƙarfi.

Da na koma gida na gaya wa Amá, har tafi ta yi.

"Yauwa 'yata! Ki riƙe mutanen nan da hannu biyu. Gida babu namiji, ni ga ciwon sukari, ke kuma shekaru sun fara turawa. Sa'o'inki duk sun yi biyu-biyu. In Ubaldo ya suɓuce, wa kike jira? Ɗan sarkin Sipaniya?"

Haka Amá take. Tun rasuwar Apá ba ta da zance sai auren nan. Ta kwanta da shi, ta tashi da shi.

Ranar da aka kawo allurar wajen aikinmu, tsofaffi suka yi layi a kekunansu, ma'aikata da yawa suka miƙa hannu. Ni da Marisela muka maƙale a ɗakin wanki. Marisela abokiyar aikina ce, shekara talatin da ɗaya, 'ya'ya biyu, mai dariya kamar ana zazzage kwanuka. Ita mijinta ne ya hana ta. Har tafawa muka yi, tana cewa, "Su gwada a jikin wasu, mu dai ba ɓeraye ba ne."

Watan Maris cutar ta shigo mana wajen aiki. Tsofaffin da aka yi wa allurar, yawanci tari da kasala suka yi suka miƙe. Ni kuwa tsoron kai wa Amá ya sa na daina shiga gida, na koma kwana a mota a bakin gareji, da bargo biyu da safa uku. Amá ta ajiye min abinci a kan matakala, mu ɗaga wa juna hannu ta taga. Kullum Ubaldo sai ya kira daga kan hanya ya ce, "Allah na tsare ki, raina, kada ki ji tsoro."

Marisela ta fara da ciwon kai. Mako bai cika ba aka sa ta a na'ura, ba ta kuma tashi ba. A wajen jana'iza, 'yarta mai shekara shida ta ja min riga, ta kira ni Tía, wato gwaggo, ta ce, "Tía Cheli, kwanon abincin mamata mai hoton kyanwa yana firij ɗin wajen aikinku? Ina so." Yana nan kuwa. Da shinkafar da ba ta samu ta ci ba. Ni na wanke shi na kai mata.

Washegari da hutun rana na tuƙa mota na nufi filin baje koli inda ake yin allurar. Ba a ma fita daga mota. Sojoji na nuna hanya, tantuna farare a jere, ƙura na tashi. Wata nas dattijuwa Baturiya mai furfura a kitse ta leƙo ta taga.

"Hagu ko dama, 'yammata?"

"Hagu." Sai na riƙe mata hannu. "Don Allah ki gaya min gaskiya. Tana hana haihuwa?"

Ta dube ni da kyau, ba ta yi dariya ba.

"Ba a ga haka ba. 'Yata ta cikina haihuwa take nema ido rufe, ni da kaina na kawo ta nan."

Ban ma ji shigar allurar ba. Amma da aka ce in ja gefe in ɗan jira, sai kuka ya ƙwace min, irin wanda ban yi ba tun mutuwar Apá. Wani soja ya kawo min ruwa yana cewa ai an gama, ba zafi. Bai san ba zafi nake wa kuka ba. Na karya rantsuwa, kuma abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wani sanyi da na ji ya sauka a ƙirjina, irin na wanda aka sauke wa kaya. Kafin in isa gida na ɓare filastar na jefa a kwandon shara na gidan mai.

Ta farko ba ta yi min komai ba sai tsamin hannu. Aka ce in dawo ta biyu ranar Asabar ta farkon Mayu. Neman auren kuwa an sa shi ƙarshen wata, na ce shi ke nan, Allah ya rufa min asiri.

Sai Doña Herminia ta yi mafarki. Wai Budurwa ta nuna mata Lahadin farko na Mayu, watanta mai albarka. Aka dawo da neman auren ranar nan. Washegarin allurata.

Na so in ɗage allurar, wallahi na so. Amma na san halina: in na ɗage sau ɗaya, ba zan koma ba. Asabar da safe na ce wa Amá zan je sayo furanni. Na sayo kuwa, bayan na biya ta filin baje koli.

Da yamma saƙon Ubaldo ya shigo.

"Amaryata me take yi?"

"Ina gugar labule. Amá ta mai da ni baiwa."

"Gobe war haka kin zama tawa a gaban kowa. Kina tsoro?"

"Kaɗan."

"Ni ma. Baba sai haddar jawabi yake a banɗaki."

Na yi dariya, na rubuta "Ubaldo, akwai abin da nake so in gaya maka," na daɗe ina kallon rubutun, na goge. Na ce bari a wuce gobe.

Lahadi na farka haƙorana na haɗuwa. Kaina kamar an ɗora masa turmi, kowace gaɓa tana ciwo, hannun hagu ya kumbura ya yi ja, ya ɗauki zafi. Nas ɗin ta faɗa min ta biyu kan kayar da mutum kwana ɗaya, amma ban zaci haka ba. Na haɗiyi ƙwaya biyu na lallaɓa na fito.

Gidan ya canza kama. Amá ta cire ledar da ke kan kujeru, abin da ba ta yi tun da aka saye su. Ta shimfiɗa farin mayafin tebur mai saƙar hannu da ta zo da shi daga can gida, Michoacán, ta goge hoton Apá ta sa masa sabon kyandir. Tukunyar miyar mole na tafasa tun asuba, ƙamshin barkono da cakulan da kirfa ya cika ko'ina. Ƙamshin da nake mutuwar so, ranar nan shi ya juya min ciki. Da gudu na faɗa banɗaki.

Ina fitowa na ci karo da Tía Chayo, yayar Apá, wadda za ta zauna a madadinsa. Ta riƙe ƙugu tana ƙare min kallo.

"Ke lafiya?"

"Fargaba ce kawai, Tía."

"Fargaba." Ta taɓa goshina. "Kai! Kamar murhu. Baki ne ya kama ki, na faɗa wa uwarki ta daina yawo da zancen auren nan a coci. Kwanta."

Ta ɗauko ɗanyen ƙwai da ganyen ruda ta shiga shafa min daga kai zuwa ƙafa tana addu'a. Da ta zo kan hannun hagu na cije leɓe har na ji gishirin jini. Ta fasa ƙwan a kofin ruwa, ta ɗaga shi wajen haske, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta dube ni, ta dubi cikina, ta fita. Na jiyo su suna ƙus-ƙus a kicin, sai ƙarar murfin tukunya da ya faɗi.

Amá ta shigo fuskarta ba jini. Ta rufe ƙofa.

"Cheli, dube ni. Akwai abin da ya kamata in sani kafin mutanen nan su iso?"

Gabana ya faɗi. Na zaci ta gano.

"Babu, Amá."

"Rantse."

Na kau da kai. Rantsuwa ta ishe ni haka nan. Ta rufe baki da hannu, ta ce "Wayyo Allah na," sannan ta miƙe ta share ido da gefen atamfar girkinta.

"To. Ki yi wa Allah ki rufe bakinki har a gutsuri burodin neman auren. Bayan nan ma yi magana. Sa rigarki."

Ni wauta ta hana ni gane abin da take nufi. Na sa doguwar rigar da ta ɗinka min, shuɗiya mai dogon hannu da farin leshi a wuya, na maƙala 'yan kunnen zinariyar kakata, na shafa hoda a kan gumi. Janbakin ma sau biyu ina gogewa kafin ya zauna.

Da rana tsaka suka iso. A al'adarmu yarinya ba ta fitowa sai an kira ta, don haka ta tsagar ƙofa na leƙa. Don Cástulo, mahaifin Ubaldo, a gaba da farar hula a hannu. Bayansa Doña Herminia cikin baƙin leshi, rungume da ƙaton kwando an rufe shi da farin ƙyalle: burodi mai zaƙi, cakulan, kyandirori, kwalba ɗaya, furanni. Sai Ubaldo, farar riga an goge ta har tana ƙyalli, takalmin fata, ya yi aski. Ya yi kyau, jama'a. Duk da zazzaɓin sai da zuciyata ta motsa.

Aka ɗora kwandon a tebur gaban hoton Apá. In masu gida suka buɗe suka gutsuri burodin, magana ta ƙare, an bayar.

Don Cástulo ya yi gyaran murya, ya dubi Amá, wadda sunanta Socorro, da Tía Chayo.

"Doña Socorro, Doña Chayo, da girmamawa muka shigo gidan nan, da izinin Allah da na marigayi. Akwai wata fure da ke gidanku, ɗanmu ya gani ya kasa barci..."

Ya manta sauran. Aka ɗan yi dariya. Tía Chayo ta amsa yadda ake amsawa, cewa furen nan da wahala aka rene ta, ba a bayar da ita don a wulaƙanta. Sannan Amá ta ce, "Sai mu ji ta bakin yarinya. Cheli! Kawo wa baƙi cakulan."

Na ɗauki tiren. Kofuna shida ne ko biyar, ban sani ba, na dai san suna ta ƙara suna bugun juna. Falon ya yi min nisa. Na isa gaban Doña Herminia na durƙusa in miƙa mata, tururin cakulan ya daki hancina, sai ƙasa ta juya.

Na farfaɗo a kan kafet, kaina a cinyar Tía Chayo, cakulan ya ɓata gaban rigata. Amá na ta yi min fifita da mujallar coci. Don Cástulo ya ja baya har bakin ƙofa yana laluben takunkumi a aljihu.

"Ba dai cutar ba ce?" in ji shi.

"Wace cuta!" Doña Herminia ta daka masa tsawa. Ta durƙusa, ta ja fatar idona ƙasa, ta kalli jijiyar wuyana. Sai na ga murmushi na buɗewa a fuskarta. "Tun yaushe take amai?"

"Yau da safe ne kawai..." in ji Amá, kanta a ƙasa.

"Socorro, haba. Haihuwa huɗu na yi, na karɓi ta mutane ba adadi. Daga ido nake ganewa." Ta juya ta nuna Ubaldo da yatsa tana dariya. "Kai ɗan banza! Ka kasa jiran Fada ya sa albarka? To ai shi ke nan. Ba a kanku aka fara ba. Sai a jawo bikin kusa kafin riga ta matse."

Amá ta fashe da kuka, rabi kunya rabi sauƙi. Tía Chayo ta ce, "Ai na gani a ƙwai." Don Cástulo ya mai da takunkumin aljihu yana washe baki. Amá har ta kai hannu kan ƙyallen kwandon.

Ku tsaya ku ji. Da na yi shiru a daidai nan, da an gutsuri burodin. Doña Herminia ta zaci ta samu jika, abin da ya fi mata soyuwa a duniya, ta yafe shi nan take. Amma akwai mutum ɗaya a falon da ya san ba zai yiwu ba, don ni da shi mun yi alkawarin jira, kuma mun jira.

Ubaldo bai yi dariya ba. Ya miƙe a hankali, hularsa ta faɗi bai ɗauka ba. Ban taɓa ganin idonsa haka ba.

"Cheli," ya ce, can ƙasa. "Na wane ne?"

Doña Herminia ta daina dariya.

"Me ka ce?" in ji uwarsa.

"Ban taɓa ta ba, Mamá. Ko sau ɗaya." Ya matso. "Wane ne? A wajen aikinku yake? Daren da kike cewa a mota kike kwana..."

"Ubaldo!" Na yunƙura na zauna. "Ni kake wa wannan tambayar?"

"To ki faɗa min mene ne!"

Amá ta kama kafaɗata ta girgiza, daidai kan kumburin, na ƙwala ƙara. "Faɗi! Wa ya yi miki? A gaban hoton ubanki, faɗi!"

Ban san sanda na finciki hannun rigar ba. Leshin ya yage har kafaɗa. Na ɗaga musu damtsena, ja wur, a kumbure, ga ɗigon allurar a tsakiya.

"Ga wanda ya yi min! Allura ce! Rigakafin korona na yi, jiya aka yi min ta biyu, zazzaɓinta ne. Babu ciki, babu kowa!"

Na zaci za a sauke ajiyar zuciya. Wallahi haka na zata. Na wanke kaina daga abin kunya mafi girma, ai sai a ce an gode Allah.

Doña Herminia ta janye hannunta daga jikina ta goge shi a siket. Ta miƙe tsaye. Murmushin nan ya ɓace kamar ba a taɓa yinsa ba.

"Kin ɗora hannu a ƙafar Budurwa."

"Doña, na binne ubana. Na binne Marisela. Amá na da sukari, kullum daga cikin cutar nake dawo mata. Me kike so in yi?"

"Da ciki ne, da na rungume ki," ta ce. "Ko na wani ne, da na san dai kina haihuwa. Yanzu me zan kai gidana? Busasshiyar gona?"

"Ba gaskiya ba ne! Nas ɗin ta ce..."

"Nas! Ji min yarinya."

Na juya wajensa. Shi kaɗai nake gani a falon.

"Ubaldo, ka yi magana. Don Allah ka ce wani abu."

Ya sunkuya ya ɗauki hularsa. Ya juya ta a hannu, ya sake juya ta. Ba ni ya kalla ba, uwarsa ya kalla.

"Kin rantse, Cheli," ya ce. "Bai kamata ki ɓoye mana ba."

Sai Doña Herminia ta yi abin da ban taɓa jin an yi ba, ko a ƙauyen su Amá. Ta miƙa hannu gaban hoton Apá ta ɗauke kwandon. Tía Chayo ta ce "Herminia, ki ji tsoron Allah, ba a yin haka!" Amá ta zube a gwiwa ta riƙe mata gefen siket tana roƙo. Ta fizge. Don Cástulo ya buɗe mata ƙofa yana cewa a yi haƙuri, a yi haƙuri, ba tare da ya san wa yake ba haƙurin ba. Ubaldo ne na ƙarshen fita. Na jira ya waiwayo, bai waiwayo ba.

Amá ba ta dake ni ba. Gara ma ta dake ni. Daga inda take durƙushe ta ce, "Da me na rage ki, Araceli? Abu ɗaya na roƙi Allah bayan ubanki, abu ɗaya." Ta tashi ta shige kicin.

Tía Chayo ce ta kai ni gado ta cire min rigar. Ta lulluɓe ni tana tsaki, ban san ko ni take wa ko su ba. Na kwanta ina karkarwa, ina jiyo ta tana juye miyar mole a robobi, ina jiyo Amá na kiran lambar Doña Herminia, ta katse, ta sake kira, ta katse. Kafin la'asar guruf ɗin matan coci ya ɗauka. "A sa wata 'yarmu a addu'a, ta kauce hanya." 'Yan hotunan hannayen addu'a sai zubowa suke. Ban taɓa jin kaɗaici irin na yammacin nan ba, kuma abin haushin, Ubaldo nake so ya kira.

Rana na gab da faɗuwa wayata ta yi haske. Saƙon Ubaldo ne.

"Raina, kina ji na?"

Wasu saƙonnin suka biyo baya.

"Ki yafe min abin da na faɗa. Kaina ne ya ɗauki zafi."

"Mamá za ta huce. Ki ba ni wata biyu, zan shawo kanta."

Na kifa wayar a ƙirji ina kuka. Kun san halin zuciya, har ta fara nema masa uzuri. Uwarsa ce, ya zai yi? Sai wani saƙon ya shigo.

"Ki sha ruwa da yawa. Ki jiƙa tawul da ruwan sanyi ki ɗora a hannun. Gobe da yamma zai sake ki, ni ma haka ta biyun ta yi min."

Na karanta. Na goge idona na sake karantawa. Na rubuta da yatsa ɗaya:

"Ta biyun me?"

Ya fara rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya tsaya.

"An kawo mana wajen lodi tun watan Maris. Duk direbobi mun yi. Na tsorata ne, Cheli, na ga abin da ya faru da babanki."

"Don Allah ki goge wannan. In Mamá ta ji, mutuwa za ta yi."

"Kin ji? Ki rufa min asiri, raina."

Watan Maris. Ina kwance a mota da safa uku, ina jin tsoron numfashina, shi yana da allurarsa a jiki yana ce min kada in ji tsoro. Bai ce min je ki yi ba. Bai ce na sake ki daga rantsuwar ba. Yau kuma ya tsaya a falonmu, a gaban uwata, ya ce bai kamata in ɓoye musu ba.

Karkarwar ta tsaya cak. Daga kicin na jiyo muryar Amá ta canza, an ɗauka ke nan.

"Comadre, 'yar uwata, na gode, na gode da kika ɗauka. Ki dubi girman Allah, ƙuruciya ce. Zan kawo ta har gida ta durƙusa miki, ta sha duk abin da kika ce ta sha. Ɗanki yaron kirki ne, bai cancanci haka daga gare mu ba..."

Na yaye bargon. Na dafa bango har kicin, ƙafata ba takalmi, wayata a hannu da saƙon a buɗe. Tía Chayo ta gan ni ta saki ludayi. Amá ta zaro ido tana min alama in koma.

"Amá, ba ni wayar."

"Cheli, don Allah..."

Na zare ta daga hannunta.

"Wa ke nan?" in ji Doña Herminia.

"Ni ce, Doña, Araceli. Ubaldo na kusa da ke? Ƙara muryar wayar, ina so shi ma ya ji."